Sanarwa kan shirin baje kolin ƙarshen zango

Assalamu alaikum ƴan uwa ɗaliban zane. Baje koli ya ƙarato, don Allah duk mai aiki da fentin mai ya gama da wuri. Fentin akirilik, wanda ake sirkawa da ruwa, yana bushewa cikin mintuna, shi kuwa na mai sai ya ɗauki kwanaki, balle farin fentin nan da ake kira titaniyom in an lafta shi da kauri. Bara na ɗauki zanena da ɗanyensa, hannun rigata ya shafe rabin fuskar da na kwana uku ina gyarawa. Har yau abin yana ci mini rai.

Masu zane da gawayi, ku shimfiɗa siririyar takarda a kai kafin ku naɗe.

Na san aljihu ya bushe, ga tambayar gida kullum: "Wai zanen nan zai ci da kai?" Mai ragowar fenti ko burushi ya yi magana a nan mu yi musanya. Ni ina da shuɗi, ja nake nema.

Jiya wata ƙanwarmu ƴar aji ɗaya ta haɗa launin fatar mutum daidai karo na farko, har da tsallenta. Ku leƙa ɗakin zane ku ga launin kafin ta ɗauke shi.