Shawarar da baƙonku ya ba ɗalibai kan waifai na jami'a tana da haɗari

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan amsar da baƙonku ya ba ɗalibar nan da ta bugo waya a shirinku na fasaha ranar Asabar. Ya ce mata idan za ta haɗa kwamfuta da waifai na jami'a, kwamfutar ta tsaya tana tambayar takardar shaida, ta zaɓi kada a tantance, ta wuce abinta. Wallahi raina ya ɓaci, domin wannan magana ba ta dace da bakin wanda kuka gabatar mana a matsayin masani ba.

Waifai na jami'a ba irin na gida ba ne, inda kowa ke shiga da kalmar sirri guda. A tsarin WPA2-Enterprise, wanda shi ne eduroam (waifai na haɗin gwiwar jami'o'in duniya da aka ƙirƙiro a Holan a 2002) ke amfani da shi, kowane ɗalibi da sunansa da kalmar sirrinsa yake shiga, kuma sau da yawa su ne dai waɗanda yake buɗe imel da shafin rajistarsa da su. Kafin kwamfuta ta miƙa su, sai sabar jami'a, wato babbar kwamfutar da ke tantance masu shiga, ta nuna takardar shaidarta tukuna. Wanda ya kashe tantancewa ya zama kamar mai miƙa makullin ɗakinsa ga duk wanda ya ce shi ne maigadi. Kowane ɓata-gari zai iya kunna ƙaramar na'ura a cikin jaka, ya raɗa mata sunan waifai ɗin makaranta, ya zauna kusa da ɗakin karatu, kwamfutoci su riƙa haɗuwa da ita da kansu masu su ba su sani ba.

Ba da ka nake faɗa ba. Ƙanina yana aji biyu, ya gaji da fama da kwamfutarsa, ya kai wa wani mai gyaran waya a kasuwar Samaru, shi kuwa ya yi masa daidai abin da baƙonku ya faɗa, har ya karɓi ladansa. Ba a jima ba 'yan ajinsu suka fara samun saƙo daga imel ɗinsa wai yana kwance a asibiti a taimaka masa da kuɗi, alhali yaro yana zaune gabana yana cin tuwo. Yini guda muka yi muna bin layi kafin aka sauya masa kalmar sirri, ga kunyar bin mutane ɗaya bayan ɗaya ana ba su haƙuri.

Abin da ya kamata a gaya wa yarinyar nan bai da wuya: ta je sashen kwamfuta na makarantarsu ta karɓi saitin da suka tanada, ko ta sauke manhajar geteduroam idan makarantar tana cikin tsarin, ta kuma rubuta sunan shigarta cikakke har da abin da ke bayan alamar @. Ai ba a banza ba wayoyi da yawa suka cire zaɓin ƙin tantancewa tun daga Android 11.

Ina roƙon ku dawo da shi ya gyara maganarsa da bakinsa, a daidai lokacin da ya yi ta. Sannan don Allah ku rage tallan maganin gargajiya da ke katse shirin, domin ranar ma a tsakiyar tambayar ɗalibar kuka sako shi, sai da ta sake maimaitawa daga farko.

Naku mai sauraro,
daga Samaru, Zariya