A koya wa 'yan sandanmu harbin kurkusa da fistol

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni fili in yi magana kan horon 'yan sanda. Kusan kowane ɗan sanda ka gani a Kawo ko Kasuwar Bacci AK-47 ce a kafaɗarsa, ita kuwa bindigar daji ce, harsashinta yana ɓula ƙofar ƙarfe ya wuce ya samu mai tallan gyaɗa da bai ji ba bai gani ba.

Ɗan shara kuma, wato ɗan daban da ke far wa mutane da wuƙa, ba daga nesa yake zuwa ba. Mai wuƙa zai iya cin tazarar mita 6 cikin kusan sakan ɗaya da rabi, kafin ka sauke doguwar bindiga ya iso ka. Shi ya sa horon fistol na kurkusa yake da amfani wallahi, yadda za ka zaro ta kana ja da baya, ka hana a fizge maka ita, ka duba waye a bayan mutumin, kuma ka san lokacin da ba a harbi kwata-kwata.

Ba cewa nake farar hula su riƙe fistol ba, doka ta hana. Amma tunda muna da Kwalejin 'Yan Sanda a nan Kaduna, a riƙa maido jami'ai suna sabunta wannan horo duk shekara, da isassun harsasai.

Naku,
Wani mai karatu, Tudun Wada, Kaduna