Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ƙwadago Kan Waldar Tankunan Gas da Tukwanen Tururi

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu injiniyoyin walda ne da masu duba aikin ƙarfe. Mun rubuto maka ne saboda ma'aikatarka ce ke ba masu sana'ar hannu takardar Trade Test, ita kuma Dokar Masana'antu ta ɗora wa duba tukwanen tururi da tankunan iska masu matsi. A wuraren aiki da dama ana ɗaukar wannan takarda a matsayin lasisin ɗinke tankin gas. Shaida ce kawai cewa mutum ya koyi sana'a. Ba ta faɗin kaurin ƙarfen da aka gwada shi a kai, ko irin ilektirod (sandar walda), ko a kwance ya yi ko a tsaye.

Kundin ASME, wato ƙa'idojin ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka, wanda yawancin masu ƙera tanki ke cewa da shi suke aiki, ya raba maganar gida biyu a sashensa na tara: a gwada tsarin waldar, sannan a gwada hannun mai waldar. Tsarin shi ne takardar da ake kira WPS, mai faɗin irin ƙarfe, ilektirod, ƙarfin wuta, ɗumama ƙarfe kafin a fara, da yawan zubi. Ba a zama a ofis a ƙirƙiro ta. Sai an haɗa falle biyu na ƙarfen gwaji, an rubuta ainihin abin da aka yi, an yanko guntaye shida: biyu a ja su da inji har su tsinke, huɗu a lanƙwasa su digiri 180. Idan ƙarfen SA-516 mai daraja 70 ne, wanda aka saba yin tanki da shi, bai kamata guntun ya tsinke ƙasa da megafaskal 485, ma'aunin ƙarfin ja, ba. A wajen lanƙwasa kuwa, tsaga da ta buɗe fiye da milimita 3 ta kayar da gwajin. Sakamakon shi ne PQR, takardar shaidar cewa tsarin ya ci gwaji, kuma yana da iyaka: gwajin ƙarfe mai kaurin milimita 12 ya halatta aiki daga milimita 5 zuwa 24. Wanda ya ɗinka milimita 30 da wannan takarda ya fita daga ƙa'ida. Haka wanda ya aro PQR na wani kamfani ya liƙa tambarinsa, domin kundin ya ce kowane kamfani shi ke da alhakin gwajinsa.

Gwajin mai walda shi ne inda aka fi yin sakaci. Mutum ya ci gwaji a kan farantin ƙarfe a kwance, gobe a tura shi ƙarƙashin tanki yana walda sama da kansa. Gwajin da ya game kowace fuska shi ne 6G: bututu a kafe shi a karkace digiri 45, ba a juya shi, mai walda ya zagaye shi da kansa. Ko shi ma yana da sharuɗɗa. Wanda aka gwada da E6013, ilektirod ɗin da ake ƙofa da taga da shi, bai cancanci riƙe E7018, ilektirod ɗin manyan ayyuka irin na tanki, ba. Wanda ya yi gwaji da madogarin ƙarfe a bayan ɗinkin bai cancanci buɗaɗɗen gindi, wato ɗinkin da babu madogari a bayansa, ba. Ƙwararren da ya saba waldar bututun mai daga sama zuwa ƙasa bisa ƙa'idar waldar bututu ta API 1104 sai an sake gwada shi kafin ya hau daga ƙasa zuwa sama a jikin tanki. Ba raini ba ne, motsin hannun ne ya bambanta. Kuma duk wanda ya yi wata shida bai taɓa irin waldar da aka gwada shi a kai ba, shaidarsa ta faɗi.

Bari mu ɗan tsaya kan E7018, domin a nan ne aiki mai kyau a ido ke lalacewa. Bawonsa na shan danshi. Da an fasa gwangwaninsa, wurinsa tanda mai zafin digiri 120, kuma AWS D1.1, ƙa'idar ƙungiyar walda ta Amurka kan gine-ginen ƙarfe, ba ta yarda ya wuce awa huɗu a sarari ba. Idan ya wuce, a gasa shi awa biyu tsakanin digiri 260 da 430, sau ɗaya tak. Wanda ya jiƙa kuwa na bola ne. A bitocinmu wuta na ɗaukewa da dare, tanda ta huce, da safe a kwaso a ci gaba, musamman da damina. Danshin nan na zama iskar haidurojin a cikin ɗinki, ita kuma tana tsaga ƙarfe a ɓoye, wani lokaci bayan kwana ɗaya ko biyu, an riga an duba an sa hannu an shafa fenti.

Wasu za su ce ai an gwada tankin bai yi yoyo ba. Hura iska da shafa ruwan sabulu ba gwajin ƙarfi ba ne, kuma cika tanki da iska har matsin gwaji ganganci ne, don in ya fashe kamar bam yake tashi. Ƙa'ida ita ce a cika shi da ruwa a kai shi ninki 1.3 na matsin da aka yarje masa. Ko ya tsallake wannan, gindin ɗinkin da bai narke ya kama ba, ko kashin walda da aka binne tsakanin zubi da zubi saboda ƙyuyar sa giranda, zai iya jure rana ɗaya ya tsage bayan shekaru na cikawa da saukewa.

Ginshiƙan ƙarfe na rumbuna da gadoji suna da ɗan sauƙi, tunda D1.1 ta amince da wasu tsare-tsare ba tare da gwaji ba muddin an bi siffar haɗin da ta zana. Sauƙin bai shafi mai walda ba, shi dole a gwada shi.

Ga roƙonmu, ranka ya daɗe. Kada sufetocinka su sa hannu a kan sabon tanki ko gyararre sai sun ga WPS, da PQR mai sunan kamfanin da ya yi aikin, da jerin masu walda kowa da lambarsa, su kuma je su ga lambar a buge a gefen ɗinki, kusan kowace mita ɗaya, ko a taswirar ɗinkunan. A ƙara wa Trade Test wani mataki na musamman mai gwajin 6G, wanda zai faɗi kauri da ilektirod, a riƙa sabunta shi duk wata shida. Sannan a buɗe wuraren gwaji a Kano da Kaduna, inda tashoshin gas ke ta ƙaruwa, bututun gas na AKK (Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano) kuma zai jawo ƙarin aiki. Wannan ba ya cin kuɗi sosai: abin lanƙwasa jak ne na mota mai ƙarfi da dunƙulen ƙarfe mai faɗin milimita 38 ga guntu mai kaurin milimita 10, injin ja kuwa akwai shi a sassan injiniya na jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha, yarjejeniya kawai ake buƙata.

Allah Ya yi maka jagora. Wassalam.

Daga wasu injiniyoyin walda da masu duba aikin ƙarfe