Kaka ta shigo, ku leƙo ƙauye kafin kalangu ya yi shiru

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ɗan sam min fili a jaridar nan tamu in amayar da wani abu da ya tsaya min a rai tun da na dawo daga gida satin da ya wuce.

Ni ɗan ƙauye ne, neman abinci ne ya kawo ni Kano, amma duk shekara in ruwa ya fara ɗaukewa wajen ƙarshen Satumba sai na je gida, don wallahi ba lokacin da ƙauye yake daɗi kamar farkon kaka. An yanke gero ana ɗaurin dami, yara na gasa tumu a bakin gona, sabuwar gyaɗa ta fito ana dafawa, dawa kuma ta fidda kai tana jiran lokacinta. Magidancin da ka gani a watan Agusta rumbu ya ƙare yana awo a kasuwa rai a ɓace, yanzu ka gan shi fuska ta sake har da tsokana. To da can da zarar ciki ya ɗauka sai kiɗa ya tashi. 'Yan mata su fito dandali a farin wata ana gaɗa, samari su fara shirin kalankuwa, 'yan dambe su ɗaure hannu su kama yawo gari gari da makaɗansu, Fulanin da ke kusa da mu su sa ranar shaɗi, ga bukukuwan aure a jere saboda manomi sai da kaka yake da kuɗin aure, mata na ta kiɗan ƙwarya a cikin gida har dare ya raba.

Bana na je na kwana huɗu, ban ji kalangu ba ko sau ɗaya sai a daren ƙarshe, shi ma roƙa na yi.

Biki dai an yi, har guda biyu ma. Amma dije aka ɗauko daga cikin gari da janareta da manyan sifiku, ya saka waƙoƙin da ke cikin wayar kowa, yara suka yi ta tsalle ƙura na tashi, aka biya shi kuɗi mai kauri har da na mai. Shi kuwa Baba Sarkin Kiɗa, wanda shi ya yi wa iyayen amaryar kiɗa a nasu auren, yana zaune a gindin dalbejiya yana kallo kamar baƙo. Da na je gaishe shi na ce Baba ina kalangu, sai ya yi dariya ya ce fatar ta fashe tun bara, kuma kuɗin gyara gara ya sayi kwanon masara da shi. Ɗansa da ya fara koya yanzu acaɓa yake yi a birni, kuma ni ban ga laifin yaron ba, ai ba kirari zai ci ba. Sai da muka aika ƙauyen gaba aka aro wani sannan ya rataya, kuma, Malam Edita, da Baba ya matse shi a hammata ya kaɗa taken kakana, mutumin da ya rasu ina ɗan firamare, wallahi sai da gashin jikina ya tashi. Tsofaffi biyu da ke wurin suka gane nan take suka fara amsawa, samarin kuwa ba wanda ya san magana gangar take yi, su dai ƙara suke ji. Abin da ya fi ba ni tsoro kenan. Ganga in ta fashe a sassaƙa wata a rufa mata fata, amma take a kan mutum yake, na mahauta daban, na manoma daban, na kowane ɗan dambe daban, in tsohon nan ya kwanta dama duk da su zai tafi.

Mu kuma nan birni mun iya kwalliyar al'ada. Ranar 26 ga Agusta ana bikin Ranar Hausa ta Duniya, tun 2015 ake yi, kowa ya sha babbar riga ya ɗau hoto ya zuba karin magana a Facebook, kuma abu ne mai kyau ba kushewa nake ba. A 2024 UNESCO ta saka hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, bikin kamun kifi na Argungu ma tun 2016 yake ciki, muka yi ta murna. Amma wata guda bayan ranar Hausan, lokacin da ainihin abin yake faruwa a karkara, ba ka ganin ɗan jarida ko ɗaya. Abin haushin ma shi ne 'yan matan birni su ɗaura atamfa a ƙirji su ɗiga kwalli a fuska wai suna ƙauyawa de a biki, ana dariya ana bidiyo, su kuma ƙauyawan gaskiya suna can suna kwaikwayon birni. Kowa ya bar nasa ya kama na wani.

Hukuma kuwa ba ta tuna makaɗan gargajiya sai wani babba zai zo buɗe rijiyar burtsatse. A namu yankin haka aka kwaso su a bayan a-kori-kura tun safe suka wuni a rana, baƙon bai iso ba sai bayan la'asar, aka ce su je za a aiko da alawus, shiru kake ji har yau.

Na san za a ce tsaro, kuma gaskiya ne. A wasu sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato manomi ma sai ya biya 'yan bindiga kafin ya girbe gonarsa, wa zai ce masa ya tara jama'a da dare a dandali? Waɗannan addu'a da agaji suke buƙata, Allah ya kawo mana ƙarshen abin. Amma akwai garuruwa birjik da suke zaune lafiya, kamar namu, inda ba abin da ya kashe wasan sai rashin kula. Na san kuma wasu za su ce ai kalankuwa akwai baɗala a ciki, e akwai abin da ya kamata a gyara, ni ma ba zan bar 'yata ta kwana a dandali ba, sai dai ban ga abin da dijen ya gyara ba, ƙara ma abin ya yi.

Dubi makwabtanmu Nijar. Tun 1975 suka mai da kokawa gasar ƙasa, jihohi na karawa, wanda ya yi nasara a ba shi takobi, ana nunawa a talabijin ƙasa duk ta tsaya cak. Mu damben namu ya koma gidajen dambe na birni irin na Dei-Dei a Abuja, ana yanka tikiti, 'yan YouTube na ɗauka har Turawa na kallo, ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada na ta gwabzawa, madalla. Amma 'yan damben nan a fagen ƙauye aka ƙyanƙyashe su bayan girbi, in fagen ya mutu daga ina sababbi za su fito? Makaɗa irin su Ɗan Anace da suka wasa ɗan dambe Shago har duniya ta san shi ai a irin wannan fagen suka taso. Shata ya rasu 1999, Barmani Choge 2013, Ɗan Maraya Jos 2015, su kam an yi sa'a an naɗi muryarsu a faifai da kaset. Irin su Baba Sarkin Kiɗa fa, ko a waya ba wanda ya taɓa ɗaukarsa sai ni ranar nan, shi ma cajina ya ƙare a tsakiya.

Roƙona a wurinku ƙarami ne. Daga yanzu zuwa shigowar hunturu ku ware ko rabin shafi ne duk mako, ku sanar da inda za a yi kalankuwa ko dambe ko kokawa, wace rana, wane gari, yadda kuke sanar da taron siyasa. Ku tura wakili ya zauna da tsofaffin makaɗa ya naɗi takensu ya rubuta ma'anar kowanne, ɗaliban sashen Hausa na jami'o'inmu ma ga aikin bincike nan a ɓagas. Masu aurar da 'ya'ya kuma in an ware na dije a ware na mai kalangu, ko na gyaran fata ne.

In kun shirya turo wakilin ni zan raka shi da kaina, a gidanmu zai sauka, akwai fura da sabon gero. Sai dai ya taho da takalmin roba don har yanzu akwai taɓo a hanyar daga bakin titi.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku,
Wani ɗan ƙauye mazaunin Kano