Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Hukumar Wasanni ta Ƙasa Kan Gadon Hakeem Olajuwon

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu masu koyar da ƙwallon kwando a makarantun sakandare muna so a dubi yadda aka samo Hakeem Olajuwon, shahararren ɗan wasan ƙwallon kwando, domin hanyar da ya biyo tana neman toshewa.

An haife shi a Legas a 1963. Gola ne a ƙwallon ƙafa, kuma ɗan ƙwallon hannu. Sai da ya kai shekara 15 ya fara ƙwallon kwando, lokacin da makarantarsa, Muslim Teachers College, ta je gasa a Sakkwato aka sa shi cikin 'yan wasa. Daga nan sai Jami'ar Houston a Amurka, hannun koci Guy Lewis. Ya isa can da tsayi amma wasansa bai nuna ba tukuna, don haka lokacin hutu yakan kara da Moses Malone, wani ƙwararren ɗan wasa, har jikinsa ya yi ƙwari. Shekara uku a jere, 1982 zuwa 1984, jami'arsu na kaiwa zagayen huɗun ƙarshe a gasar jami'o'in Amurka. A 1984, wajen zaɓen sababbin 'yan wasan NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, ƙungiyar Houston Rockets ta ɗauke shi na farko, Michael Jordan ya zo na uku. Ya ci kofin NBA a 1994 da 1995. Jifa 3,830 ya tare, adadin da ba wanda ya kamo a lissafin gasar. Yana azumin Ramadan aka zaɓe shi gwarzon watan Fabrairun 1995. Lambar zinarensa ta Olamfik a 1996 kuwa, Amurka ya ciyo wa.

Abin da ya bambanta shi da sauran dogaye shi ne iya sarrafa ƙafa, kuma shi da kansa yakan danganta hakan da tsaron raga. A nan muke asara. Da an ga dogon yaro sai a girke shi ƙarƙashin kwando yana jiran ƙwallo, ya girma bai iya juyi ba. Yaro yana buƙatar minti 15 a kowane atisaye yana kafa ƙafa ɗaya yana juyawa gaba da baya, dama da hagu, sannan ya jefa da kowane hannu. Malaman motsa jiki da yawa ba a taɓa koya musu wannan ba. Kwas na mako biyu a kowace shiyya zai rage matsalar, a haɗa da umarnin su riƙa leƙa filayen ƙwallon ƙafa da na hannu suna zaƙulo dogaye, maza da mata.

Sai fili. Tsawonsa mita 28, faɗinsa mita 15, da rarar mita 2 a kowane gefe. Zoben kwando mita 3.05 daga ƙasa, faɗin bakinsa santimita 45. Inda 'yan kwangila ke ɓata aiki sananne ne. Ba sa danne ƙasa kafin zuba kankare, damina ɗaya sai ya tsage. Ba sa ba shi ɗan gangare na santimita 1 a kowace mita, ruwa ya kwanta ya yi gansakuka, yara su riƙa zamewa. Wasu sukan shimfiɗa filin gabas da yamma, rana ta dinga dukan idon mai jifa da la'asar, alhali kudu da arewa ya kamata ya miƙe. Ƙarfen da ke riƙe allon kwando a naɗe shi da soso. Ƙananan yara kuma a sauke musu zobe zuwa mita 2.60, a ba su ƙwallo mai lamba 5, domin mai lamba 7, ta manya, tana musu nauyi har su saba jifa daga ƙugu, gyaransa kuwa sai an sha wuya.

Roƙonmu shi ne hukumarka ta haɗa kai da ma'aikatun ilimi na jihohi, a ware kuɗin irin wannan fili ɗaya a kowace ƙaramar hukuma daga cikin 774, a dawo da gasar makarantu duk shekara, kuma kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai filin ya ga damina.

Naka cikin girmamawa,
Wasu masu koyar da ƙwallon kwando