Amsa ga ƙanena da ya gaji da fitowa a maigadi

Assalamu alaikum, ƙanena.

Ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni cewa shekara shida kana harkar fim ba a taɓa ba ka jarumi ba, kullum maigadi ne, ko kawun amarya, ko ɗan sanda, shin akwai makoma a nan ko ka nemi wata sana'ar? Lokaci bai bari na amsa maka yadda ya kamata ba, shi ya sa na rubuto.

Akwai makoma. Marigayi Kasimu Yero, wanda ya rasu a Kaduna a 2017, ba da soyayya ya yi suna ba. Da Gaga ya yi suna, fitinannen kawun nan na shirin talabijin Cock Crow at Dawn da NTA ta fara ɗauka a Jos a 1980, da kuma shirin Karambana. Marigayi Usman Baba Pategi, Banufe ɗan gidan sarauta, ya rasu a 2023, amma har gobe Samanja ake ce masa, sunan sojan da ya riƙa fitowa a matsayinsa a wasan kwaikwayo. Abin da suka iya shi ne auna kansu: sun san wasan dandali daban, na rediyo daban, na gaban kyamara daban. Wannan awon shi ne sana'ar, kuma koyonsa ake yi.

A dandali, ɗan kallon da ke layin ƙarshe kake yi wa magana. Numfashi daga ciki zai taso, ba daga maƙogwaro ba. Mai yi da maƙogwaro kafin dare na biyu muryarsa ta dushe. Ka tsayar da abokinka taku ashirin daga inda kake, ka yi magana ba ihu, har sai ya ji ƙarshen kowace kalma. Kada ka ba 'yan kallo ƙeya kana magana, kuma in sun fashe da dariya, jira ta lafa kafin ka ci gaba, in ba haka ba maganarka ta gaba ta tafi a banza.

Rediyo kuwa, a ganina, ita ce makarantar da 'yan zamaninku suka fi rasawa. A can babu rawani, babu gemu, babu zare ido. Murya ce kaɗai za ta nuna mutum tsoho ne ko mugu ko matsoraci. Tsaya kamar taƙi ɗaya daga makirufo, ka ɗan karkata bakinka gefe, domin "fa" da "ba" suna huro iska, mai sauraro ya ji kamar an bugi akwatin rediyonsa. Cire fil ɗin takardunka tun kafin a fara, ka riƙa zame wadda ka gama a hankali, don makirufo ba ya yafe ƙarar takarda. In shigowa ɗaki za ka yi, fara sallama daga taku uku baya kana matsowa. Kuskuren da aka fi yi shi ne muryar tsoho: sai yaro ya kama karkarwa da gangan, bayan minti goma ya manta, tsohon ya koma saurayi a tsakiyar shiri. Tsufa a numfashi yake. Gajarta jimla, ka huta a inda saurayi ba zai huta ba. Kowane mutum da za ka fito a matsayinsa, zaɓar masa abu uku ka riƙe: saurin maganarsa, kaurin muryarsa, da wata sara guda da ba ta barin bakinsa.

Gaban kyamara sai ka rage kusan duk abin da dandali ya koya maka. In an matso da ita fuskarka, ɗaga gira kaɗai ya isa. Wurwurga hannu na dandali a nan hauka yake zama. Tsaya daidai kan alamar da aka yi maka a ƙasa, don an riga an saita haske da kyamara a kanta. Ga kuma inda ƙananan 'yan wasa suke cutar kansu ba su sani ba: ana ɗaukar fitowa ɗaya sau uku ko huɗu, daga nesa da kusa. In carbinka yana hannun dama a ɗaukar nesa, ya koma hagu a ta kusa, mai tace fim ba shi da zaɓi sai ya yanke ka ya bar fuskar jarumi. Haka in ka kurɓi shayi a kalma daban kowane karo. Riƙe ɗan littafi ka rubuta hula, riga, da abin da ke hannunka a kowace fitowa, musamman a shiri mai dogon zango da ba a bin jeri wajen ɗauka. Kuma lokacin da wani ke magana, saurare shi da gaske, kada ka tsaya kana bitar taka a zuci. Kyamara tana ganin idon da ba ya nan.

Hausar bariki da Samanja ya yi ta zauna a kunnen mutane ne saboda ya yi aikin soja da gaske, ya ji yadda ake yin ta. Kai da aka ba maigadi sau ashirin, ka taɓa kwana ɗaya a bakin get tare da maigadi? Je ka ga yadda yake naɗe tabarmarsa in ya ji hon, yadda muryarsa ke sauyawa tsakanin maigida da mai talla. Kwaikwayon harshen wata ƙabila don a yi dariya kawai kuwa, ina roƙonka ka bar shi. Arha ne, kuma yana ɓata wa mutane rai.

Batun kuɗi ba zan ɓoye maka ba. A 2022 Hajiya Ladin Cima, dattijuwar 'yar fim, ta faɗa wa BBC Hausa cewa naira dubu biyu zuwa dubu biyar ake ba ta in ta fito a fim, bayan shekaru masu yawa tana wannan aiki, kuma maganar ta tayar da ƙura a Kannywood. Don haka kafin ka je lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, ku yi ciniki da furodusa: fitowa nawa, kwana nawa, nawa ne, wa zai biya kuɗin mota da abinci, yaushe za a biya. A rubuta, ko da a saƙon waya ne. Ka kuma nemi aikin murya, wato tallace-tallace da wasannin rediyo, don su ne za su riƙe ka a watannin da babu ɗauka.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Yayanka a sana'a