In raba littafin zuciyata da taskar karatuna?

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira.

Ni malamar makaranta ce, ina kuma karatun digiri na biyu. Tun ina sakandare na saba yin rubutu kafin in kwanta: abin da ya faru a yinin, abin da ya sosa min rai, fargabata da addu'ata. A cikin littafin nan kuma nake jefa duk wani abu mai amfani da na karanta. Da aka zo rubuta kundin bincike sai matsala ta ɓullo. Na san na taɓa rubuta wani bayani kan yadda yara ke koyon haɗa baƙi, amma a wane shafi? Littafin dai jere yake bisa kwanan wata. Haka zan yi ta buɗe shafuka, in ci karo da ranar rasuwar mahaifina, in zauna ina hawaye, alhali layi biyu kawai na zo nema.

Wata abokiyar karatuna ta nuna min Obsidian, manhajar adana bayanai da haɗa su da juna wadda ta fito a 2020, ta kuma ba ni labarin Niklas Luhmann, Bajamushen masanin zamantakewa da ya koyar a jami'ar Bielefeld, ya rasu a 1998. Katunan bayanai kusan 90,000 ya bari, kowanne da lambarsa, yana nuni zuwa ga wasu katunan da ke da alaƙa da shi. A nan na ga bambancin. Shi wannan tsarin maudu'i yake bi, kuma ana rubutu ne don a dawo a gyara, a haɗa, a gina wani abu a kai. Rubutun dare kuwa ba a taɓa shi bayan an rubuta, don darajarsa ita ce ya riƙe yadda mutum ya ji a wannan ranar.

Na kwashe komai na mayar cikin manhajar, kuma wallahi karatuna ya samu tsari. Amma Anti, rubutun daren ya ƙafe. Da na rubuta "yau na yi kewar Baba", sai in kama tunanin ƙarƙashin wane kai zan saka shi, da me zan haɗa shi. Na karanta cewa a binciken masanin halayyar ɗan Adam James Pennebaker na 1986, ɗalibai sun riƙa rubuta abin da ke ƙona musu rai na minti 15 a rana, kwana huɗu a jere. Irin wannan sakin zuciyar na rasa, kuma rashinsa na damuna ƙwarai.

Shin in mayar da zuciyata kan takarda, in bar wa manhajar karatu kaɗai? In haka ne, ina zan kai abin da ya faɗo tsakiya? Akwai wata ɗalibata da ta fashe da kuka a aji don ta kasa karanta jimla guda. Abin ya hana ni barci, kuma darasi ne da bincikena ke buƙata. In rubuta shi sau biyu ne? Lokacina kaɗan ne bayan duba littattafan yara. Sannan ina so abokan aikina su amfana da bayanan karatun ba tare da sun ga sirrina ba.

Don Allah ki ba ni shawara, a kuma sakaya sunana.

Taki,
Wata mai bibiyar filinki